Likkafar Muntaka

Sallau maƙeri ya zaro likkafar daga wuta tun ba ta nuna ba, ya ɗora a uwar maƙera yana duka yana cizon leɓe. Yashin da ake barbaɗawa don ƙarfe ya kama ɗan'uwansa ma da gangan ya ƙi sa shi. Haɗin ƙarya yake yi, wanda ido zai ga lafiya lau, amma ranar da doki ya zabura sai ya ɓalle.

Likkafar ta Muntaka ce, falken nan mai baki kamar reza. Shi ne ran kasuwar Matameye ya kara wa Sallau allura a hanci, ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Sallau da ke hango raƙumi tun daga hanyar Kance, amma abin da ke tafin hannunsa ya zame masa hazo, ya ce tsinke ne. Kasuwa ta kwashe da dariya. Tun ranar manoma suka kwashe garemaninsu suka kai wani wuri. Wallahi ya tsani mutumin nan, tsana mai hana cin tuwo.

Ga shi yau Allah ya kawo shi, gobe zai bi ayari Kano, sauran maƙera kuwa sun tafi fidda tama, dutsen da ake narka ƙarfe daga cikinsa, dole ya kawo wa Sallau aikin.

Da haɗin ya huce, Sallau ya shafe shi da toka da man gyaɗa. Ya ɗan karce gindin likkafar don ya gane ta, ya ajiye kusa da ta ɗansa Lawwali, wadda ya haɗa tsakani da Allah da safe. Duk ƙirarsa ce, kamar tagwaye.

Bayan la'asar Muntaka ya yi sallama. "Baba, an gama, ko sai na ara maka ido?"

Sallau ya ɗauki likkafun biyu. Ya matso da su, ya nesanta, ya karkata ga hasken ƙofa. Ina! Babu karce, babu alamarsa. Ya shafa da yatsa, yatsun da wuta ta mayar kamar ƙirgi ba su ji komai ba. Ga shi Lawwali ma gobe zai hau, kuma dokinsa ba ya jin linzami.

"Kawo nan," in ji Muntaka, ya fizge su. Kallo ɗaya ya yi. "Af! Wannan ai ka karce ta, tsoho. Ba wa ɗanka mai tabon, ni ba na hawa da aibi."

Ya rataya mai kyan a kafaɗa, ya fita yana fito.

Sallau ya daɗe riƙe da wadda aka bar masa. Can ya cusa ta cikin garwashi, ya jawo ƙwaryar yashi kusa, ya kama zuga.