Na Ukun Cikin Cinikin

Duk Lahadi in an taso daga coci, falon Davou da ke garin Laurel, can ƙasar waje, yakan koma majalisar ƙwallon kwando. Babu wanda ya taɓa jefa ƙwallo a raga a cikinsu, amma kowa gwani ne da baki. A Fabrairun 1987 zancen ɗaya ne: ƙungiyar garin za ta ba da samari uku ta karɓo tauraro guda daga wata ƙungiya mai nisa a gaɓar tekun yamma.

"Na farkon yana da hannu," in ji Davou yana kaɗa jarida. "Na biyun yana da tsawo. Na ukun kuwa, minti huɗu yake samu a wasa. Gyara ne kawai aka ɗora."

Bai ankara ba ashe na ukun yana bakin ƙofa, ya sunkuyo zai shigo.

Martins ke nan, ɗan ƙawar Kaneng matar Davou, daga Bukuru. Shekara biyar tun yana kwaleji yake hawo jirgin ƙasa ya zo cin gwaten acha. 'Ya'yan Kaneng in ta yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Da Martins kaɗai take hira har muƙamuƙinta ya gaji, su zaga kasuwar Bukuru rumfa rumfa suna zaune a kicin. Ranar Lahadi take jin ba ta bar gida ba.

Ya wuce mazan, ya same ta tana yanka yakuwa.

"Mama, ba zan je ba. In gyara ne ni, gara in ajiye ƙwallon. Akwai aiki a ɗakin ajiyar kaya nan Laurel. Kullum sai ki gan ni."

Wallahi daɗi ya kama ta, har ta ji kunyar kanta. Kalma ɗaya za ta faɗa, yaron ya zauna.

Sai dai Kaneng ta sayar da dankali tare da uwarta shekara tara kafin ta zama nas, kuma ta san ciniki fiye da duk masu surutun falon nan.

"Sati nawa aka yi ana jan maganar?"

"Uku."

"Me ya hana a gama?"

"Namu sun so su ba da wani. Waɗancan suka ce in ba ni ba an fasa."

Ta ajiye wuƙar. "Martins, gyara ni nake zaɓa in ɗora wa mai saye, ƙanana ma nake tsinto masa. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya sati uku a rana saboda gyara ba. Mutanen nan kai suka zo nema. Tafi ka yi wasanka."

Ya yi murmushin da ya sa ta san ta rasa shi. Ya ci kwano biyu, ya tafi ran Laraba.

Da Lahadi ta zagayo, Davou ya leƙo kicin ya ga tukunya cike fal.

"Kaneng, wa zai cinye wannan duka?"

Sai a lokacin ta lura gwangwani huɗu na acha ta auna, kamar kullum. Ta buɗe baki za ta ba da labarin yadda uwar Martins take dafa nata, sai ta ji har Davou ya koma falo.