Funfuna a Tulun Sumie

Ranar Laraba ce. Ruwan damina ya ɗauke bayan ya daɗe yana zuba, rana ta buɗe da zafi mai sa riga ta manne a baya. Tokuji ya jawo tulun matarsa daga ƙarƙashin daɓen kicin, ya ɗage dutsen da ke danne da murfin. Sumie ce ta jiƙa 'ya'yan itacen ume masu tsami da gishiri a ciki, kafin ciwon zuciya ya ɗauke ta farat ɗaya. Su ne na ƙarshe da hannunta ya taɓa. Ga shi farar funfuna ta lulluɓe saman ruwan.

Yayarsa Haruyo, wadda ke kawo masa abinci tun rasuwar, ta leƙa tulun, ta ja da baya.

"Toku, zubar! Ka san abin da ake faɗa. Ume ya yi funfuna, gida zai fitar da gawa."

"Gawar ai ta fita, Yaya. Funfunar ce ta makara."

"Ji bakinsa! Kai da ko miyar miso sai an haɗa maka? In tsami kake so, kanti cike yake."

"Na kanti zuma suke zuba masa. Alewa zan ci da shinkafa?"

Ta ce muddin tulun nan na gidan, ƙafarta ba za ta sake taka shi ba. Ya ce ta ja masa ƙofa.

Ya kwashe funfunar da ludayi, ya tace ruwan, ya tafasa. Ya tsamo 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su da barasar da yake ɓoyo. Waɗanda suka ruɓe suka narke a yatsunsa. Sauran ya jera a faifan gora ya kai rana, ya zauna gadinsu da hular kaba, yana juya su yadda ya sha ganin Sumie tana yi. Maƙwabta na wucewa suna ƙus-ƙus, shi kuwa yana ɗaga musu hannu.

Da suka yamushe, ya dafa shinkafa, ta ƙone a gindi. Ya dasa ume ɗaya a tsakiyar kwano, ya ajiye gaban hoton Sumie, ya jefa wani a baki. Tsamin ya matse masa fuska har hawaye.

Abin da ya rasa: ume goma sha ɗaya, barasa kwalba guda, fatar wuya da rana ta saɓule, da abincin Yaya Haruyo.