Katin Maman Auwalu

"Hajiya, sai kamfanin inshora ya turo izini. Ki dawo wani satin."

Yarinyar da ke bayan tagar asibitin nan na Tarauni ta turo katin waje, ko ɗago kai ba ta yi ba. Lami ta tsaya riƙe da shi sororo. Ni da na rako ta kuwa, Allah ya sani, sai da na ji wani sanyi a raina. Ashe katin nan ma ana iya ce masa a'a.

Gidan haya ɗaya muke a Gyadi-Gyadi, ƙofa na kallon ƙofa. Mijinta Bello direba ne a wata ma'aikata, can aka yi musu katin. Yaro ya yi atishawa, sai ka ji Lami ta ɗaga murya yadda za a ji har bakin rijiya: "Bari mu leƙa asibiti, ai kati ne zai biya." Mu kuwa sai kemis ko jiƙe-jiƙe. 'Ya'yanta biyar, kowa Maman Auwalu yake ce mata. Ni shekara da shekaru da aure har yau Nafisa ce, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. In na ce ba na kishinta na yi ƙarya. Ina sonta, ina kuma jin haushinta.

Yanzu ga ciki na shida, likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A kwantar da ita, a ba ta maganin da zai fitar da shi tun yana ƙarami, a sa mata ido.

"In ba da kati ba fa?" Lami ta tambaya.

Yarinyar ta faɗi kuɗin gado da na magani. Lami ta juya, muka fito.

A cikin adaidaita ta zungure ni. "Nafisa, kin yi shiru."

"Me zan ce, Maman Auwalu? Abin da nake roƙo a kowace sujada shi kike neman kai da shi."

"Da ana kyautarsa, wallahi da na ba ki."

Ta yi dariya har da haki. Ni dai ban yi ba.

Sati ya zagayo, babu izini. Bello ya kai ogansa Abuja. Lami ko shara ta yi sai ta dafa bango. Na ce a yi mata karo-karo a gidan, ta zaro ido.

"Ni mai kati? So kike matan gidan nan su samu abin yi da ni?"

Sai ta je wani kemis wajen Unguwa Uku ta sayo ƙwayoyi a ƙulle a leda, ko kwali babu. Ta sha ita kaɗai a ɗaki. Jini ya ɓalle.

Inna, uwar Bello, ta iso daga ƙauye aka ce mata ɓari ne. Nan take ta ɗora tukunya, ta aika a karyo darbejiya, ta dama kunun kanwa. Mai ɓari ma a wurinta mai jego ce, sai ta gasu da ruwan zafi. Na ga zannuwan da ake fitowa da su sharkaf da jini.

"Inna, jinin nan ya yi yawa. Mu kai ta asibiti."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, haihuwa nawa kika yi? Jinin banza ne, a bar shi ya fita."

Duk matan tsakar gida sun ji. Na ja mayafina na fita neman adaidaita, ido na yi min yaji. Kafin in dawo da shi, Lami ta yanke jiki ta faɗi a bayi, cikin tururi.

A hanya kanta na bisa cinyata, tafin hannunta fari fat. Ta kama yatsana.

"Naja'atu ba ta barci sai a goye," ta ce. Autarta kenan, da ko yaye ta ba a yi ba.

"Ke za ki goya abarki."

Ko ƙofar asibitin ba mu kai ba rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku, Bello na zaune kan tabarma ana karɓar gaisuwa, saƙo ya shigo wayarsa. Izini ya fito, mara lafiya ta zo ta karɓi gado. Ya kife wayar a ƙasa.

Bayan an watse ya yi sallama a ƙofata, yarinyar na kafaɗarsa tana tsala ihu.

"Maƙwabciya, ta ƙi kowa. Ko za ki gwada?"

Na goya ta, ta yi tsit. Tun ranar take wurina. Matan gidan har sun fara ce min Maman Naja, irin sunan da na yi shekaru ina kwaɗayi. Duk wadda ta kira, sai na ɗan jima kafin in amsa.

Jiya da hantsi ina tsintar shinkafa, na ji Naja'atu na gurgurar wani abu. Haƙori take yi, komai ta samu sai baki. Na buɗe hannunta, sai ga katin, gefensa duk ya tauno, hoton Lami jiƙe da yawu. Na goge shi da bakin zanina, na mayar mata.