Hannun da Ba Ya Rawa

Ranar da Baba ya faɗi, bai faɗi shi kaɗai ba. Yana tsaye a shagonsa na gyaran agogo, ya buɗe keji zai fito da akunsa kamar kullum, sai ɓarin jikinsa na dama ya saki. Ya kai hannu ya cafki abin da ke kusa, abin da ke kusa kuwa kejin ne. Suka zube tare, mutum da tsuntsu da ƙananan kusoshin agogo. Baba ya dawo daga asibiti ba baki, hannun dama kamar ba nasa ba. Akun, wanda Baba ke kira Manaja saboda yadda yake hakimcewa a kafaɗarsa yana leƙen aikin kowa, ya tsira da lafiyarsa, amma tun daga ranar ya ɗauki hannun ɗan Adam abokin gaba.

Jinya ta faɗo kan Auta, ƙaramar 'yar Baba. Ta rufe keken ɗinkinta da mayafi ta dawo gida. Wanka da juya majinyaci da wankin zanin gado duk ba su dame ta ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne Baba ya fitar da rai da kansa. In ta kai cokali sai ya datse baki. Nas ɗin da ke zuwa motsa masa gaɓoɓi ta ja ta gefe ta gaya mata gaskiya.

"Hannun nan bai mutu ba, zai iya dawowa ko da kaɗan ne. Amma sai shi ya so. Ina ce masa ya matse yatsana, yana kallon bango. In ya ci gaba a haka, ba hannun kaɗai za mu rasa ba."

Abu ɗaya ne ke juyo da idon Baba daga bango: ihun Manaja daga baranda, inda aka ajiye kejin. Da ya ji sai ya zuba wa ƙofa ido. Auta ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ta je ta ɗago kejin za ta kai ɗaki. Ashe ba ta san me ta taɓo ba. Kejin na motsawa tsuntsun ya haukace, ya dinga dukan ƙarfe da fukafukai har jini ya fito a gefen bakinsa. Baba ya hango komai ta ƙofa, hawaye ya gangaro masa, ya koma ga bangonsa. Ranar ko ruwa bai sha ba. Keken guragu kuwa da aka kawo don a riƙa fitar da shi, in aka turo shi kusa da gado sai ya rufe ido.

Saura hanya ɗaya ke nan: Manaja ya hau hannunta da ƙafarsa, ta kai wa Baba shi.

Ita da wannan tsuntsu dama can ba sa shiri. Tun tana makaranta yake kwaikwayon dariyarta a gaban baƙi, ita kuma tana ce masa kazar da ta yi boko. Yanzu ga ta durƙushe a gabansa tana lallashi kamar mai neman aiki. Ta tuna yadda Baba yake yi: ya zauna a gefe, ba ya kallon tsuntsun ido cikin ido, yana magana ƙasa-ƙasa. Ta kawo kujera nesa da kejin tana ta surutu ita kaɗai, kullum ta ɗan matso. Da farko Manaja yakan manne a can ƙurya yana huci, yana tsige gashin ƙirjinsa har wurin ya zama fata zalla. A hankali ya fara cin abinci tana zaune. Daga baya ya karɓi gyaɗa ta tsakanin ƙarafa, ya fizge kamar ɓarawo ya gudu. Auta ta ruga ɗaki ta ba Baba labari, ya ɗan juyo, har ya karɓi shayi kaɗan.

Daga nan aiki ya tsaya cak. Takan buɗe ƙofar kejin, ta miƙa yatsa daidai ƙirjinsa, ga gyaɗa a ɗaya hannun, ta ce, "Hau, Manaja." Ya matso, ya karkata kai, ya miƙo wannan baki nasa mai kama da filaya. Da ta ga bakin ya nufo yatsanta sai ta fizge hannu ba shiri. Shi kuma ya zabura ya koma ƙurya. Gobe haka, jibi haka. Ta sa safar hannu mai kauri, ya yi ihun da ya fito da maƙwabta. Ta cire safar ta yi ta maza, ta ce yau ko zai cire yatsan ba za ta motsa ba, amma hannun ya ƙi jin magana, yana ta rawa. Da bakin ya taɓa ta ta sake fizgewa, wannan karon ya kama da gaske. Ta zauna a ƙasa tana tsotsar jini tana kuka.

"Me na yi maka ne? Ubanka ne fa a kwance, ba nawa ni kaɗai ba. Don Allah ka taimake ni."

Manaja ya juya mata baya ya ci gaba da tsigar gashinsa.

A haka Yaya, babban wansu, ya same ta. Mutum ne mai son a gama magana a tsaye. Ya dubi yatsanta, ya dubi tsuntsun da ya koma kamar kazar da aka fara figa.

"Auta, kin ga kanki kuwa? Kin rame, Baba ya rame, shi ma wannan mutuwa zai yi a hannunmu. Duk ihun da ya yi Baba sai ya yi kuka. Na yi magana da wani mai kiwon tsuntsaye, ƙarshen mako zai zo ya ɗauke shi."

"Yaya, in ka fitar da shi daga gidan nan, wallahi Baba ba zai ƙara buɗe baki ba."

"To yanzu buɗewa yake yi?"

Auta ta mayar da idonta kan kejin. Abin haushin shi ne Yaya ba mugunta yake yi ba, shi ma tsoro ne ya cika shi.

Kwanakin da suka rage ta ƙare su a gaban kejin. Ta gwada ayaba, ta gwada sanda, ta sa tsohuwar rigar aikin Baba ko ƙamshinta zai yi wani abu. Yatsunta duk suka sha filasta. Manaja zai zo har bakin ƙofa, ya miƙo baki, hannunta ya yi rawa, ya koma.

Ranar da aka sa, da hantsi, Yaya ya shigo da mai tsuntsayen, wani siriri riƙe da kwali mai huji-huji da tawul. Muryarsu ta kai ɗaki. Sai aka ji bugu, bam, bam. Auta ta ruga ɗakin a guje. Baba ne yake dukan katakon gado da hannun hagu, yana nuna keken da ya ƙi kallo tun da aka kawo shi.

"Baba, fita za ka yi?"

Ya sake bugun gadon. Ita da Yaya suka ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan, suka turo shi baranda. Yaya ya ce a bar shi su yi sallama. Auta ta matsa da keken har jikin kejin ta ɓangaren dama, don nan ne akwai fili. Shanyayyen hannun yana kwance a kan madafar keken, daidai ƙofar kejin.

Mai tsuntsayen ya buɗe ƙofar ya warware tawul. "Rufe shi zan yi in cafke, yanzu za a gama."

"Dakata, malam," in ji Auta.

Manaja ya daina huci. Ya sauko daga sandarsa yana tafiya a karkace, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli Baba da ido ɗaya, ya juya ya kalle shi da ɗayan. Sai ya miƙo baki ya kama yatsan Baba. Auta ta zabura za ta janye hannun, ta ji an riƙe mata tsintsiyar hannu gam. Baba ne, da hannun hagu. Tsuntsun ya ɗan ja yatsan, ya ɗan danna shi, bai ciza ba. Da ya ji abin bai motsa ba, ya ɗago ƙafa ɗaya ya ɗora, sannan ɗayar.

Sai yanzu Auta ta gane. Ashe duk kwanakin nan ba cizo yake nufi ba. Taɓawa yake yi ya ji ko wurin zai ɗauke shi, kamar yadda mutum ke gwada tsani kafin ya hau. Shi da ya taɓa faɗuwa, ita kuma kullum tana janye masa matakin. A duk gidan, hannun da ba ya rawa shi ne wanda ya shanye.

Manaja ya gyara tsayuwa a bayan hannun, ya ɗaga kai yana kallon kafaɗa. Jira yake a ɗaga shi, don haka suka saba, bai taɓa hawa da kansa ba. Ya jira. Da ya ga shiru, sai ya buɗe baki, muryar Baba ta fito sak, har da ɗan kaushin nan nata, muryar da ba wanda ya ji tun ranar faɗuwar.

"A hankali. Ba mai korarka."

Yaya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza. Mai tsuntsayen ya naɗe tawul ɗinsa.

Baba ya zuba wa hannunsa ido. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi, numfashinsa na fita da ƙyar. Auta ta durƙusa a gefen keken, ta ɓoye hannuwanta a bayanta don kada su kai masa taimako.

Hannun bai kai kafaɗa ba, bai ma bar madafar keken ba. Amma ya fara rawa, tun daga yatsu har gwiwa. Manaja ya ji wurin tsayuwarsa na girgiza, ya buɗe fukafukai kamar zai tashi, sai ya ƙara damƙe yatsan da faratansa, ya zauna.