Shayin Sabitu a Bakin Famfo

Likita Djaïba ta ɗaga hoton ƙashin ta daɗe tana kallo. Wata huɗu ke nan da buhun rogo ya faɗo wa Sabitu a ƙafa yana dako a tashar jiragen ruwa ta Port Môle, amma karayar na nan kamar jiya aka yi ta.

"Wane magani yake sha?" ta tambayi matarsa da Hausarta ta Garwa.

Matar, Hawaou, ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayoyin tana taƙama. Ita da ke tallar magani a kasuwar Mont-Bouët, a ce mijinta ya ji zogi? Ƙwayar kashe ciwo da kumburi, uku kullum tun ranar farko. Ko ƙasa ba ta bari ya taka ba.

"Yaya, ai kin toshe wa ƙashin baki," in ji likita. "In ya karye, kumburin nan kira ne. Wasu sinadarai ke fita su tattaro ƙwayoyin jiki masu gina sabon ƙashi. Maganinki kashe kiran yake. Kuma sai ƙashi ya ji nauyi kaɗan-kaɗan yake sanin ana bukatarsa. Na ba ku sati shida. In bai fara haɗewa ba sai tiyata, kuma ban ce zai sake ɗaukar kaya ba."

Kunya ta rufe Hawaou. Wata huɗu tana cutar mutum da sunan tausayi.

Suna isa gida a unguwar Derrière la Prison ta kai tiren maganin da take talla ɗakin maƙwabciya. Da la'asar ta dafa shayi, ta wuce Sabitu da kofin, ta ajiye a bakin famfo can ƙarshen tsakar gida.

"Hawa, miƙo mini mana."

"Ga sandunanka nan, Malam."

"To ko ƙwaya ɗaya. Ƙafar na ci na."

"Bar ta ta yi kiranta."

Ya harare ta, ya miƙe. Taku goma sha ɗaya, kowanne da nishinsa, gumi na ɗiga. Sau biyu hannunta ya tafi zai tare shi, ta maido shi ta damƙe zane.

Ya isa, ya kurɓi shayin da ya riga ya huce. "Wallahi ba ki da imani."

Ta juya masa baya ta share ido da gefen mayafi.

"Gobe a ƙofar gida za ka sha," ta ce.