Bakin Saminu

"Riƙe masa kan da kyau, Ikilima, kada ki ji tausayinsa."

Ikilima ta ƙara matse kan Saminu a cinyarta. Tun da aka kawo ta aure gidan da ke jikin na Murjanatu, mahaifiyar Saminu, a nan cikin garin Daura, aikinta ke nan kullum da hantsi: ita ta riƙe kai, uwar ta yi kokawa da baki. Saminu ya girma, gemu har ya fara tsiro, amma tun haihuwa jikinsa a shanye yake. Ba tafiya, ba magana, hannuwa a nannaɗe bisa ƙirji. Da abu ya taɓa masa leɓe sai muƙamuƙinsa ya datse gam, ba da son ransa ba.

Murjanatu ta naɗa tsumma a yatsa, ta tsoma a ruwan gishiri, ta lallaba ta goge haƙoran gaba. Tana ƙoƙarin kutsawa ciki sai ji kake ƙas, ya kama. Ko wash ba ta ce ba. Ta zuba wa katanga ido har ya saki don kansa. Yatsan nan kuwa ya ga duniya, farcen ya fita ya sake fita har ya daina tsirowa daidai.

"Yaya, yau ma ba ki kai ciki ba?"

"Yaushe na taɓa kaiwa? Na can baya ban san kamanninsu ba."

Ga shi ba abin da ke wuce masa maƙogwaro sai koko mai sukari da maganin farfaɗiyarsa mai zaƙi kamar zuma. Warin bakin ya sa mata sun daina zama a gidan, daga bakin ƙofa suke gaisuwa su juya. Uban ya daɗe da rasuwa. Ɗauka, wanka, kashi da fitsari, duk Murjanatu ce, har bayanta ya ranƙwafa.

Ran nan kuncin Saminu na hagu ya tashi suntum. Ya ƙi koko, sai gurnani yake yana buga kai da tabarma. Iya Madina, tsohuwar unguwa, ta leƙo, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Haba, wannan ai hangum ne! Yaran unguwa duk sun yi. A samo gidan zanzaro a kwaɓa a shafa masa."

"Ni dai, Iya, zuciyata haƙori take ba ni," in ji Murjanatu.

"Ke kuma! Na haifi nawa na yi jika, hangum ne zai ɓace mini?"

Ikilima ta ga fuskar Murjanatu, ba yarda ba ce, gajiya ce tsagwaronta. Kai Saminu asibiti sai an nemo maza sun ciccibe shi, a wuni a layi ana kallonsu. Hangum kuwa da kansa yake tafiya. Aka kwaɓa ƙasar aka shafa.

Kumburin bai sauka ba, sai ma ya gangara wuya. Da numfashi ya fara yi masa wuya, Audi mijin Ikilima ya saka shi a keke napep suka nufi asibiti. Likita ya yi ya yi bakin ya ƙi buɗuwa. Ya ce haƙorin ciki ne ya ruɓe, mugunya ta bi wuya, sai an kai shi Katsina an yi masa allurar barci kafin a taɓa. Murjanatu ta ce to. Suka koma gida ɗaukar kaya, Audi ya tafi tasha neman mota. Kafin ya dawo, Saminu ya cika.

Gida ya cika da mata, har da waɗanda suka daɗe ba su tako ciki ba. Maza na zaure suna jira a ba su wuri su yi masa wanka. Ikilima ta nemi kuka ta rasa, jikinta kamar ba nata ba. Ta yago ƙyalle don a ɗaure masa haɓa, ta shiga ɗaki.

Saminu na kwance, bakinsa a sake, a buɗe. Ikilima ba ta taɓa ganinsa haka ba.

"Dakata tukuna," in ji Murjanatu. Kwanon ruwan gishiri na gefenta. "Riƙe masa kan."

"Yaya, malam na jira."

"Ya jira."

Ikilima ta zauna ta ɗora kan a cinyarta, ta matse kamar kullum. Murjanatu ta naɗa tsumman, ta goge na gaba. Da za ta shiga ciki sai kafaɗarta ta ɗan noƙe, tana jiran cizo. Sannan yatsan ya wuce har can ƙarshe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, masu rami da gutsattsari, ba gaggawa.

Da ta gama ta warware tsumman, ta juya yatsan a hasken ƙofa. Babu sabon shatin haƙori ko ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa, ruwan kwanon yana kwantawa a hankali.