Keken da Ke Yin Ƙofar Maɓalli da Kansa

Zamanin allura da zare ya ƙare a Haɗeja ranar da Malam Shu'ibu, mataimakin jami'in gona, ya sauke kekensa na ɗinki daga motar Kano. Shi da bakinsa ya sanar da haka a ofis, ya maimaita a majalisar ƙofar gida, kuma ba wanda ya musa masa, tunda ba wanda ya taɓa ganin keken da ke yin ƙofar maɓalli shi kaɗai. Ka ɗora masa maɓalli a ƙafa, ka taka, ya auna, ya ɗinka, ya tsaya da kansa. A shekarar ce gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka. Wasu sun sayi babur, wasu rediyo mai kaset. Malam Shu'ibu ya sayi ci gaba.

Da hantsin ranar Laraba ci gaban yana kan tebur a falo, an jona shi da lantarki, ana neman maɓalli.

"Malam, wa ke sa maɓalli a gidan nan?" in ji matarsa Sakinatu, tana zazzage gwangwanin tarkacenta. "Ni zani nake ɗaurawa. Kai jamfa kake zurawa ta ka. Rigunanka na kwaleji kuma ka rabar da su tun da tumbi ya fito."

"Ba tumbi ba ne, cikar muƙami ce. Duba dai."

Maganar ba ta wasa ba ce. Da yammacin ranar Kwamishina zai zo daga Kano ya duba jingar da aka yi wa kogi, kuma Malam Shu'ibu ne zai riƙe sanda ya nuna taswira. Ya riga ya yi alkawari a gaban ofis baki ɗaya, har da masinja, cewa zai tsaya gaban baƙon cikin rigar safari wadda hannun ɗan Adam bai taɓa ƙofofin maɓallanta ba. Ari tela ne ya ɗinka rigar, ruwan toka, mai aljihu huɗu, aka umarce shi ya bar ƙofofin. Ari, wanda ya daɗe yana yi wa gidan ɗinki, ya bi umarni har ya zarce. Ya bar ƙofofin, ya bar maɓallan ma.

A ɗakin zaure aka sami mafita. Can Baffa Bakari yake, ƙanen mahaifin Malam Shu'ibu, tsohon soja da ya koma noman shinkafa a fadamar hayin kogi. Daga yaƙin Bama ya dawo da tari da kuma wata doguwar kwat mai nauyi, mai maɓallan tagulla biyar a jere, kowanne da zanen bishiyar kwakwa. Duk Juma'a yakan goge su da toka da lemon tsami har su riƙa ɗaukar ido.

"Gwaji kawai za a yi, Baffa," in ji Malam Shu'ibu. "Keken yana son abin da zai auna. Da ya saba, sai in sayo na rigar a kasuwa."

"Mu ma an auna mu a soja," in ji Baffa, "sannan aka ba mu takalman da ba na ƙafarmu ba."

Duk da haka ya ɗauko reza ya cire maɓallin ƙasa, mai faɗin tsohon kwabo, ya biyo shi falo, domin ba ya barin kayan gwamnati su tafi ba rakiya.

Malam Shu'ibu ya maƙala maɓallin a bayan ƙafar da ke danne yadi, ya sa guntun tsohon zani, ya yi bisimilla, ya taka. Keken ya yi gurnani. Allura ta shiga caccakar wuri ɗaya kamar tana da tsohuwar gaba da shi. Da aka ɗaga ƙyallen sai ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar komar masunci ta harɗe a ƙaya.

"Ya gama?" Sakinatu ta tambaya.

"Yana ɗumi ne."

"Duk injin da ya yi gardama," in ji Baffa, "a kwance shi, a sa mai, a mayar. Haka muke yi wa bindiga."

"Baffa, wannan ba bindiga ba ce."

"Na lura. Bindiga in ka taɓa ta, tana yin abin da aka ce."

Malam Shu'ibu ya koma kan keken. Ya zare zaren gaba ɗaya, ya fitar da kwarkwaro ya hure, ya ɗaga ƙafar keken, ya sake bin hanyar zaren a hankali, sai ya ga ya tsallake wata 'yar ƙugiya. Ya gyara ya taka. Wannan karon keken ya tafi. Ya ɗinka gefe ɗaya sumul, ya kai inda ya kamata ya juyo, ya wuce abinsa, bai tsaya ba sai da ƙyallen ya ƙare.

"Kurtu ne," in ji Baffa. "An koya masa tafiya, ba a koya masa juyawa ba."

Sakinatu ta ce ita a ganinta garin Guri keken yake so ya je. Malam Shu'ibu ya roƙi a yi masa shiru. Ya rufe ido yana tuno ɗan kantin da ya gwada masa keken a Kano, da yadda yatsan mutumin ya shiga bayan allura ya ja wani abu. Ya laluba, ya sami wani siririn ƙarfe a ɓoye, ya ja shi ƙasa. Keken ya tafi, ƙafar ta bugi ƙarfen, ya juyo kamar mai ladabi. Sai dai ƙyallen ya tattare ya yamutse. Nan ma Malam Shu'ibu ya yi nazari, ya ce yadin ne ba shi da kauri, ya shimfiɗa guntun jarida a ƙarƙashi, ya ɗan sassauta zaren sama.

Adalci ya sa a faɗa: ba wanda ya taya shi. Shi kaɗai ya gano ƙugiyar, shi ya gano ƙarfen, shi ya gano jaridar. Da ya taka a karo na gaba, keken ya ɗinka gefe, ya ɗaure kai, ya dawo, ya ɗaure gindi, ya tsaya cak. Ƙofar maɓalli ce wadda ko a Landan ba za a raina ta ba. Har Baffa ya matso ya duba, ya ce ba laifi.

Abin da ya biyo baya laifin daɗi ne. Malam Shu'ibu ya ce bari ya ga ko yadin safari ma zai karɓa. Ya karɓa. Ya ce bari ya ga ko ta biyu za ta yi daidai da ta farko. Ta yi.

"Malam," in ji Sakinatu, "ba ka ce sai ka sayo..."

Ƙarar keke ta cinye sauran. Kafin ta sake buɗe baki an yi biyar. Ya tokare ƙarshen kowace da fil kada reza ta zarce, ya tsaga su ɗaya bayan ɗaya. Suka buɗe baki a jere kamar tarwaɗa a faifan mai kifi.

Ya naɗe rigar ya nufi kasuwa, wajen Umara ɗan koli, Babarbare, wanda ba ya ganin Bafillace irin Malam Shu'ibu ya ƙyale shi.

"Yau kuma Fulani sun bar nono sun koma tela?" in ji Umara.

"Maɓalli nake so, ruwan toka. Mai kyau, ba irin wanda kuke sayar wa 'yan'uwanku ba."

Umara ya zazzage kwalba a kan tire. Malam Shu'ibu ya zaɓi ɗaya ya zura a ƙofar. Maɓallin ya shige ya faɗo ta baya ya gangara ƙarƙashin tebur. Na biyu ya bi shi. Umara ya karɓi rigar ya zura yatsu biyu a ƙofar, ya leƙo Malam Shu'ibu ta ciki.

"Wannan ta maɓalli ce, ko ta shigar da maruƙa garke?"

"Ba ka da manya?"

"Manyan ke nan ka zubar min. Nan garin maɓalli na 'yan makaranta ne da 'yan sanda, su 'yan sandan ma da nasu suke zuwa. Irin wanda kake nema sai Kano, can ma in ka yi sa'a. Ka kai wa Ari mana ya rage bakin. Ga rumfarsa can."

Malam Shu'ibu ya waiga. Ari na zaune a kan kekensa na ƙafa, ya daina takawa, yana kallon wajensu da fuskar mutumin da ba ya sauri. Malam Shu'ibu ya cusa rigar a hammata, ya ɗaga masa hannu irin na manya, ya bi ta layin masu tattasai ya fita.

Bayan azahar ya dawo gida. Sakinatu ta dubi rigar ta dubi 'yan maɓallan da ya sayo don kada ya dawo hannu wofi.

"Kawo in ɗan kama bakin kowace da allura," ta ce. "Kafin ka yi wanka na gama."

"Da hannu?"

"Da ƙafa zan yi? Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ke za ki sani. In kin sani Huseina ta maƙwabta ta sani, mijinta kuwa akawunmu ne. Na ce hannun ɗan Adam ba zai taɓa ƙofofin nan ba. A gaban masinja na faɗa."

"To keken ya rage da kansa."

"Keken ba ya kuskure, balle ya gyara. Abin da aka ba shi ya auna."

Ya ɗauki rigar ya fita zaure, ya zauna a kan dakali daidai ƙofar ɗakin Baffa, ya shiga magana da iska. Ya ce shi ba ta kansa yake ji ba. Mutum ɗaya in ya ji kunya ba komai ba ne. Sunan gidan ne abin dubawa, gidan da ya ba Sarkin Ingila soja, yau a ce ɗansa ya tsaya gaban Kwamishina riga a buɗe kamar mai dambe. Ya ce shi dai bai roƙi kowa komai ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya jira, ya ƙara wata.

Baffa na cikin ɗaki yana ji. Can aka ji tari, sannan aka ji ɗan sautin reza a kan zare mai ƙwari. Baffa ya fito da sauran huɗun a tafin hannu.

"Aro ne, Shu'ibu."

"Aro ne, Baffa. Gobe-goben nan."

Maɓallan soja ba su da huda a fuska, ƙulli gare su a baya, saboda haka keken bai san yadda zai yi da su ba. Sakinatu ce ta zauna ta ɗinka su da allura da zare.

"Wannan hannun fa, ba na ɗan Adam ba ne?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Ƙofofi na ce. Ban ce maɓallai ba."

Da ta gama ta leƙa zaure ta ce, "Baffa, ku kawo kwat ɗin in sa muku waɗannan ƙananan kafin gobe." Baffa ya ce ta bar shi, 'yar nan, su ma faɗowa za su yi.

Bayan la'asar hadari ya haɗo ta gabas. A kan jinga an jera kujeru, an kafa taswira, kogi ya cika yana tafe da ciyayi. Kwamishina ya sauko daga mota, saurayi ne fiye da yadda aka zata. Malam Shu'ibu ya ɗaga sanda ya fara bayanin inda ruwa kan karya ya shiga gonaki. Kwamishina ya dubi taswirar kaɗan, ya dubi ƙirjin mai bayanin da yawa.

"Waɗannan ai na sojan da ne," ya ce. "Na yaƙin duniya."

"Ranka ya daɗe, in ka lura da ƙofofin, keke ne ya..."

"Mahaifina ma yana da irinsu, suka ɓace. A ina ka samu?"

Duk ofis na sauraro, har da masinja. Malam Shu'ibu ya gyara tsayuwa.

"Na gado ne, ranka ya daɗe."

"Allah ya jiƙan mazan jiya," in ji Kwamishina, ya ɗan sunkuyar da kai, jama'a suka ce amin. "Kada ka yarda ka rabu da su. In na dawo bayan girbi ina so in gan su a nan."

Aka ɗauki hoto. Akawu ya matso ya shafa ƙofofin da yatsa, ya shaida a gaban kowa cewa ba aikin hannu ba ne. Yayyafi ya fara, manya suka ruga motoci. A kujerar gaba ta motar ofis Malam Shu'ibu ya yi tunani a kan kalmar aro, ya ga cewa gobe-goben nan magana ce ta baki, kuma umarnin Kwamishina umarni ne.

Ruwa ya kece sosai lokacin da suka iso mashigar jirage. Wani dattijo na tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa yana kwance kwalekwale, zai haye ya ga ko kogi ya hau masa shinkafa. Yana sanye da doguwar kwat, ya ɗaure ta a ƙugu da igiyar kaba.

"Malam," in ji akawu daga baya, "wancan ba Baffanka ba ne?"

Malam Shu'ibu ya ce wa direba ya kula da taɓo, ya juya yana duba kogi ta ɗaya tagar.

Baffa Bakari ya ga motar gwamnati, ya miƙe ya sara mata kamar yadda aka koya masa. Da hannun ya tashi, ƙirjin kwat ɗin ya wage, ruwa ya shiga. Ya bari sai da motar ta wuce sannan ya sauke hannu. Ya yi tari, ya haɗa bakin kwat ɗin, ya ƙara tamke igiyar, ya tura jirginsa.